Gwagwalada: Zangon Tsofaffin Na'urori Da Masu Yi Musu Tafinta

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya miƙa kudu, idan ya wuce Tafa, ya yi ido huɗu da Dutsen Zuma, ya ratsa hayaniyar Zuba, ba ya jimawa sai ya iso mararrabar Giri, inda hanyar filin jirgin saman Abuja ta zo ta haɗu da babban titin Lokoja. Daga nan 'yar tafiya ce ta rage ya sauka Gwagwalada. Wanda kuwa ya fito daga tsakiyar birnin Abuja, abin da ke gabansa kilomita 50 ne da 'yan kai. Ko ta ina mutum ya ɓullo, abu na farko da zai yi masa maraba shi ne zafi, gama garin a kwari yake zaune, a bakin Kogin Usuma, ƙasa ƙwarai da tuddan da aka gina birnin tarayya a kansu. Da bazara rana takan yi kamar ta sauko ta zauna bisa kwanon gidaje, da damina kuma kogin yakan cika ya tumbatsa, ya leƙa unguwannin da suka matse shi.

Kafin 1976 Gwagwalada ƙaramin gari ne na Gbagyi da Bassa da maƙwabtansu, a ƙarƙashin gundumar Kwali ta tsohuwar masarautar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa ranar 3 ga Fabrairu 1976 ita ce ta yanke wannan ƙasa ta mai da ita yankin babban birnin tarayya. A 1984 garin ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma. A 1988 aka kafa Jami'ar Abuja, wadda Gwamnatin Tarayya ta sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a ƙarshen 2024, kuma a nan cikin Gwagwalada ta fara karatu a 1990, a mazauninta na wucin gadi. Sa'an nan ga babban asibitin ƙwararru wanda ya koma asibitin koyarwa na jami'ar a 2006, ga kuma kwalejin horar da manyan jami'an kwastan.

Sa'ad da gwamnati ta taso daga Ikko a Disamba 1991, ba kowane ma'aikaci ne ya iya kuɗin haya a Garki ko Wuse ba. Da yawa suka gangaro nan, suka yi gida a Kutunku da Dagiri da Unguwar Dodo. Malaman jami'a da likitoci da 'yan fansho suka zo da komatsansu, a cikin komatsan kuwa akwai rediyo da akwatin talabijin da na'urar bidiyo, waɗansu tsarabar Landan, waɗansu ta Amurka, waɗansu ta Makka. Labarin waɗannan kaya ne nake so mu ɗan zauna a kansa yau, mai karatu, domin akwai darasi a cikinsa ga mai saye da mai sayarwa.

Rumfar mai gyara

Duk wanda ya zaga kewayen kasuwar Gwagwalada zai ga rumfunan masu gyaran kayan lantarki, kuma kusan duk kamanninsu ɗaya. Ga tebur cike da wayoyi, ga ƙarfen liƙi da dalma, ga mitar auna wuta, ga madubi jingine a bango domin mai gyara ya riƙa hangen fuskar talabijin alhali hannunsa na aiki a bayanta. Yaran shago suna zaune a benci suna kwance fanka ko dutsen guga. Yawancin aikin yau na wayar hannu ne da talabijin mai faffaɗar fuska. Amma ɗaga kai ka dubi kantar sama, inda ƙura ta yi gida. A nan ake jibge kayan da masu su suka kawo suka manta, ko suka ji kuɗin gyara suka sulale.

A irin wannan kanta, a wata rumfa da ke kan hanyar asibiti, na hangi wani ɗan baƙin abu da bai fi littafin firamare faɗi ba, mai madannan roba, da ratsin launuka huɗu a kusurwarsa. Na ce wa maigidan shagon, "Malam, wannan fa?" Ya ce tun zamanin maigidansa take nan, an ce kwamfuta ce, amma babu wanda ya taɓa ganin ta yi aiki. Kwamfuta ce kuwa, sunanta ZX Spectrum, ƙirar Ingila. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Abin da ta rasa shi ne wutar da ta dace da ita da akwatin talabijin da ke jin yarenta.

Masu gyara sun san wannan ciwo tun ba yau ba. Kusan kowane wata sai wani ya shigo da kaya a hannu, fuska a murtuke, ya ce ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Amurka, daga sa wa a wuta sai ƙara da hayaƙi da ƙauri. Shi a ganinsa an cuce shi da jabu, ko kuwa wutar gari ce ta yi masa ta'adi. Sau da yawa babu ko ɗaya daga ciki. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ita ma na'ura wutar ƙasarsu ta sani.

Wuta iri-iri ce

A bayan garin Gwagwalada akwai babbar tashar wutar lantarki, inda manyan wayoyi masu ɗauke da ƙarfin bolt 330,000 suke sauka. Daga nan ake ta rage ƙarfin wutar mataki-mataki, taransifoma bayan taransifoma, har ta iso bangon ɗaki da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Wannan ma'auni gadon Ingila ne, kamar yadda fulogi mai ƙafa uku masu kusurwa yake gadonta. Ban da ƙarfi, wutar tana da wata sifa ta biyu: tana kai da kawowa a cikin waya sau 50 a kowace daƙiƙa. Injinan Kainji, wadda aka gama a 1968, da na Jebba da Shiroro duk a kan wannan bugu suke juyawa.

A Amurka da Kanada kuwa wutar gida bolt 120 ce, bugunta sau 60 a daƙiƙa. A Japan bolt 100 ce, kuma abin mamaki ƙasar ta rabu biyu, gabashinta na bugu 50, yammacinta na bugu 60. Saudiyya, inda alhazanmu suka daɗe suna sayo kayan lantarki, bugunta 60 ne, kuma a shekarun baya gidaje da yawa a can suna da wuta iri biyu, mai bolt 127 da mai 220. Maƙwabciyarmu Nijar ƙarfin wutarta da bugunta sun yi daidai da namu, har ma tun shekarun 1970 take sayen wuta daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, amma fuloginta mai ƙafafu kewayayyu ne irin na Faransa.

To, me ke faruwa in an ɗauko na'urar bolt 120 aka cusa ta a soket ɗinmu? Masana lantarki sun ce in ƙarfin wuta ya ninka biyu, zafin da take haifarwa a waya yakan ninka huɗu. In an yi sa'a fis ne zai tsinke. In ba a yi ba, 'yar taransifomar cikin na'urar ta ƙone, ta ja maƙwabtanta. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne adafta, ɗan abin nan mai araha da ke sa fulogin Amurka ya shiga soket ɗin Nijeriya. Adafta ƙofa kawai take buɗewa, ba ta rage ko bolt ɗaya.

Maganin da aka sani shi ne taransifoma mai rage ƙarfi, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun, kuma tilas ta fi ƙarfin abin da za a ɗora mata. Amma ita ma iyakarta ƙarfin wuta, ba ta taɓa bugu. Alal misali, tsohon agogon bango na lantarki ƙirar Amurka, wanda ke ƙidaya lokaci da bugun wuta, ko an ba shi bolt 120 daidai, a nan zai riƙa yin lattin minti 10 a kowace sa'a, domin yana jiran bugu 60 ana ba shi 50. Taransifomar da aka naɗa domin bugu 60 kuma takan fi ɗaukar zafi a kan 50, balle a gari irin Gwagwalada da iskar kanta take da ɗumi.

Cajar waya da ta kwamfutar cinya ta zamani sun huta da wannan wahala. Duba jikinsu za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, watau suna cin kowace wuta. Tsofaffin kwamfutocin tebur kuwa da yawansu suna da ɗan jan maɓalli a baya, gefe ɗaya 115, ɗaya gefen 230. Kwamfutoci masu yawa sun mutu a ranar farko saboda ba a tura wannan maɓalli ba.

Hoto ma da yarensa

In an tsallake shingen wuta, akwai na biyu a gaba. Kwamfutocin gida na farko ba su zuwa da fuskar kallo tasu, da akwatin talabijin na falo ake haɗa su ta ramin eriya. Talabijin kuwa a wancan zamani duniya ta kasu uku a kansa.

Amurka ce ta fara tsayar da tsarin hoto mai launi a 1953, wanda ake kira NTSC, mai layi 525, yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa domin ya tafi tare da bugun wutarsu. Japan ta bi ta. A Jamus wani injiniya mai suna Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙirƙiro PAL, mai layi 625 da sabuntawa sau 50, aka fara watsa shirye-shirye da shi a Ingila da Jamus ta Yamma a 1967. A shekarar nan kuma Faransa ta fito da nata, SECAM, ƙirar Henri de France, Tarayyar Sobiyat ta karɓa, haka ma yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa.

Nijeriya ta fara talabijin a Ibadan a Oktoba 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962. Tashar Jos ce ta fara nuna launi a tsakiyar shekarun 1970, kafin a haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977, kuma PAL muka ɗauka. Nijar ta ɗauki SECAM. Sai ya zama tsakanin Katsina da Maraɗi, ko tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, inda harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya, akwatunan talabijin ba su jin maganar juna. Mai akwatin PAL in ya kamo Tele Sahel sai ya ga hoto fari da baƙi, murya kuma ba ta fita sosai, sai fa in akwatinsa mai jin tsari da yawa ne. Iyakar da Turawa suka shata a ƙasa, ashe sun sake shata ta a sararin sama.

Har cikin PAL ɗin ma akwai ƙabilu. Tashoshin Ingila masu launi duk a zangon UHF suke, saboda haka akwatunan da aka ƙera domin kasuwar can galibi ba su kama zangon VHF, inda tashoshi irin su ta 5 da ta 10 na NTA a Ikko suke. Bugu da ƙari, tazarar da ke tsakanin hoto da murya a iska ta bambanta. Wannan ne ya sa da aka shiga zamanin tokumbo, bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, masu gyara suka ƙware wajen sauya wa akwatunan Landan 'yan kayan ciki domin su yi magana. Da yawa daga cikinsu ba su taɓa shiga ajin injiniya ba, da kunne da mita suka gano inda gizo ke saƙa.

Kaset ɗin bidiyo shi ma bai tsira ba. Tun daga Turmin Danya, wanda aka yi a Kano a 1990, finafinan Hausa a kan tsarin PAL aka riƙa naɗarsu a zamanin kaset. Bahaushen da ke zaune a New York in aka aika masa kaset daga gida, sai ya sa a na'urarsa ya ga hoto na birgima kamar an saki taya a gangare. Dole ya nemi mai juya kaset, ko ya sayi na'ura mai jin kowane tsari, irin waɗanda suka cika kasuwannin Jidda da Dubai.

Su wane ne waɗannan tsofaffi?

Bari mu koma ga 'yar baƙar nan ta kan kanta. Kamfanin Clive Sinclair ya fito da ZX Spectrum a Afrilu 1982, ƙaramar a kan fam 125, babbar mai ƙwaƙwalwar kilobait 48 a kan fam 175. An sayar da kimanin miliyan 5. A shekarar kuma kamfanin Commodore na Amurka ya fito da Commodore 64 a kan dala 595, wadda aka sayar da fiye da miliyan 12, har ta shiga kundin Guinness a matsayin samfurin kwamfuta da ya fi kowane kasuwa. Akwai BBC Micro ta 1981 da ta cika makarantun Ingila, da Amstrad ta 1984, da Thomson ta Faransa. A ƙasashen Larabawa kuma kamfanin Al Alamiah na Kuwait ya fito da Sakhr, mai haruffan Larabci a madannanta, wadda aka gina bisa tsarin MSX na Japan.

Yaran yau za su yi dariya in sun ji yadda ake aiki da su. A kaset irin na waƙa ake adana wasa ko darasi. Sai a haɗa rikoda, a danna, a zauna minti huɗu ko biyar ana jin wani ƙugi mai kama da kukan gyare, kafin abu ya bayyana. Hoto ɗaya da wayar hannu ke ɗauka yanzu ya ninka dukan ƙwaƙwalwar Spectrum sau da yawa. Duk da haka a kan irinsu ne dubban yara a duniya suka fara koyon ba kwamfuta umarni da harshen BASIC.

A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, saboda haka malamin da ya je ƙaro ilmi a Ingila ko ma'aikacin da ya je kwas yana iya sako irin wannan a akwatinsa domin 'ya'yansa. Ba su yi yawa a ƙasar nan ba, amma sun shigo. A 1988 ne Gwamnatin Tarayya ta tsara manufar koyar da kwamfuta a makarantu, aka fara da kwalejojin tarayya. Abin da ya fi yaɗuwa a gidajen talakawa daga baya shi ne na'urorin wasa masu cin katirij, kwaikwayon Famicom ta kamfanin Nintendo, waɗanda masu ƙera su a Asiya suka daidaita da wutarmu da talabijin ɗinmu.

Kowace daga cikin waɗannan kwamfutoci tana da tagwaye, ta Turai da ta Amurka, kamanni ɗaya, hali dabam. Commodore 64 ta Amurka ta ɗan fi ta Turai sauri, domin agogon cikinta da tsarin hoto a ɗaure suke. Wasan da aka rubuta domin bugu 60, in aka sa shi a ta bugu 50, yakan rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kiɗansa ya yi nauyi. Wanda aka rubuta domin Turai kuma wani lokaci yakan ƙi tashi sam a ta Amurka. Ita Spectrum da aka yi mata 'yar'uwa a Amurka a 1983, mai suna Timex Sinclair 2068, sai aka tarar yawancin wasannin Ingila ba su aiki a kanta, kasuwarta ta mutu da wuri.

Kaya sun juya sun nufi inda suka fito

Da tsohuwar zuma ake magani. Yaran Turai da Amurka da suka yi wasa da waɗannan na'urori yanzu sun manyanta, suna da abin hannu, suna neman ƙuruciyarsu. Akwai kasuwa sosai ta tsofaffin kwamfutoci a dandalin eBay da makamantansa. A Oktoba 2014 aka yi gwanjon wata Apple-1, ƙirar 1976, a New York a kan dala 905,000, gidan tarihin Henry Ford ya saya. Amma kada mai karatu ya ji wannan ya ɗauka duk tsohon akwati zinariya ne. Apple-1 kimanin 200 kacal aka yi, su kuwa Spectrum da Commodore miliyoyi ne, farashinsu matsakaici ne, sai in suna tare da kwalinsu da littafinsu da kaset-kaset ɗinsu.

Ɗalibin Gwagwalada da ya tsinci irin wannan a ɗakin ajiyar mahaifinsa, ya yi niyyar sayarwa waje, shingayen nan biyu suna jiransa, sai dai wannan karon daga ɗaya gefen. Na'urar da ta yi aiki a Nijeriya mai yiwuwa ta PAL ce mai cin bolt 220 zuwa 240. Mai saye a Jamus ko Ingila ko Ostareliya ba shi da babbar matsala, illa ta fulogi. Mai saye a Amurka kuwa sai ya nemi wata hanyar ba ta wuta da abin juya hoto. Wani abin sha'awa shi ne, masu sha'awar Commodore a Amurka da yawa ta PAL ɗin suke nema da gangan, domin mafi yawan wasannin da aka yi mata a shekarunta na ƙarshe a Turai aka rubuta su.

Saboda haka abu na farko shi ne a karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin na'ura da jikin tukunyar wutarta, a faɗa wa mai saye ƙasar da aka yi ta dominta, da ƙarfin wutar da take ci, da tsarin hotonta. Abu na biyu, kada a yi garajen kunna ta domin gwaji. Tukunyar wutar Commodore 64 ta yi ƙaurin suna wajen tsufa da mugun hali: maimakon bolt 5 da ya kamata ta bayar sai ta zarce, ta ƙone ƙwaƙwalwar kwamfutar cikin ɗan lokaci. A fara kai ta wurin mai gyara ya auna da mita. Ita kuma Spectrum bolt 9 take ci, amma kan wayarta a juye yake da na yawancin cajojin da ke kasuwa, wanda ya cusa mata kowace caja don ya ga ta shiga ramin, ya gama da ita. Haka kuma wutar janareto mai hawa da sauka ba abokiyar tsohuwar na'ura ba ce.

Abu na uku shi ne lissafin aikawa. Kuɗin jirgi da nauyi ake biyansa, tukunyar wuta kuwa ita ce mafi nauyi, ga shi ba lalle ta yi wa mai saye amfani ba. Sau da yawa gara a bar ta a gida, a rage farashi. Akwai kuma harajin kwastan na ƙasar mai saye, wanda ya kamata a yi magana a kansa tun kafin a ɗaure kaya. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne faɗin gaskiya. In ba a gwada ba a ce ba a gwada ba, in madanni ya mutu a nuna shi a hoto. Dokokin waɗannan kasuwanni sun fi karkata ga mai saye, kayan da aka ɓoye aibinsu sukan dawo, mai su ya yi asarar kuɗin zuwa da na dawowa, a je neman ƙiba a samo rama.

Tsakanin bola da gidan tarihi

Gaskiyar magana ita ce, kaɗan ne daga cikin waɗannan na'urori za su ga jirgin sama. Mafi yawa 'yan gwangwan ne ke zuwa da kura su saye su a kan kuɗin goro, a kai panteka a farfasa, a cire jan ƙarfe da alminiyam, a cinna wa sauran wuta. Hayaƙin robar waya guba ne, gilashin tsohon akwatin talabijin kuma cike yake da dalma, kuma yaran da ke wannan aiki su ne ke shaƙa.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗarta a kan sharar waje. A 1988 aka gano dubban gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, abin da ya sa aka kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa a shekarar. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 sun biyo baya, aka kuma kafa hukumar NESREA a 2007. Duk da haka wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwan Ikko a 2015 da 2016 ya nuna kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa a shekara, wajen rubu'insu matattu ne, kuma mafi yawa a cikin motocin tokumbo ake cuso su. Wani kaso na wannan kaya ta kan titin Lokoja yake haurowa Arewa, ya ratsa tsakiyar Gwagwalada.

Zamani ya riga ya rushe yawancin shingayen da muka lissafa. An fara watsa talabijin na dijital a Jos a Afrilu 2016, Abuja ta biyo a Disamba na shekarar, kuma yaron da ke kallo a wayarsa ba ruwansa da PAL ko SECAM. Tare da shingayen, ilmin tsallake su ma yana tafiya. Dattawan masu gyara da suka san yadda ake sa akwatin Landan ya yi magana a Kaduna suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaransu kuma canjin gilashin waya suka fi sani.

A Ingila akwai gidan tarihin kwamfuta a Bletchley Park, a Amurka akwai wani a Mountain View ta jihar Kalifoniya, inda ake kai 'yan makaranta su ga mafarin abin da ke aljihunsu. Mu ma muna da Gidan Makama a Kano da Gidan Arewa a Kaduna, mun san darajar ajiye takobi da alkyabba da tsohuwar wasiƙa. Rediyon da aka saurari labarin samun 'yancin kai da shi, da akwatin da aka kalli bikin FESTAC na 1977 a cikinsa, da kwamfutar da wani malami ya fara koya wa ɗalibansa lissafi a kanta, su ma kayan tarihi ne. Ɗaki ɗaya a sashen kwamfuta ko na injiniya na jami'ar da ke nan ya isa a fara, a gayyato tsofaffin masu gyara na kasuwa su tayar da na'urorin, ɗalibai su rubuta abin da suka gani a hannunsu.

Kafin a kai ga haka, roƙona ga wanda ke da irin wannan tsohuwa a ƙarƙashin gado shi ne ya kakkaɓe ta, ya raba ta da laima, ya cire mata batir in tana da shi, ya ajiye ta tare da wayoyinta da takardunta. In zai sayar ya sayar da sani, in zai ajiye ya ajiye da kula. Wanda kuma aka aiko wa sabon kaya daga ƙetare, ya daure ya juya bayansa ya karanta 'yan lambobin nan kafin ya kai hannu ga soket. Allah Ya kiyashe mu da asara, Ya sa albarka a abin da muka mallaka.